Rediyon sha'awa: me ya sa ake rububin jin Nijar da Chadi a gajeren zango a zamanin WhatsApp?

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da yamma yana neman labaran Hausa a kan mita 41, idan hannunsa ya ɗan zarce, yana iya cin karo da wasu muryoyi masu kama da kukan agwagwa, ko wani ƙit-ƙit mai sauri da ba ya yankewa. Akasarin masu sauraro sukan ɗauka tasha ce ta lalace, su yi gaba. Ba lalacewa ba ce. Mutane ne ke hira daga ɗakunansu, wani a Italiya, wani a Afirka ta Kudu, wani a Brazil, kowa da na'urarsa ta aika murya da eriyar da ya ɗaura da hannunsa. Manyan tashoshi suna watsa shirye-shiryensu daga megahaz 7.2 zuwa sama; abin da ke tsakanin 7.0 da 7.2 kuwa na waɗannan mutane ne. Muryarsu takan fito a murguɗe ne saboda suna amfani da wani salon aikawa mai tattalin wuta da ake kira SSB, wanda akwatin gida ba ya iya warwarewa.

Faransawa suna kiran mai wannan harka radioamateur, masu Ingilishi suna ce mata ham radio. A Hausa ana iya cewa rediyon sha'awa. Harka ce da ta haura shekara 100, kuma tambayar da ake yawan yi wa masu ita a yau ɗaya ce: mutum yana da wayar da zai kira ɗan'uwansa a Makka ya ga fuskarsa, me zai kai shi hawa rufin ɗaki yana ɗaura eriya?

Ba gidan rediyo ba ne, ba kuma oba-oba ba

Da farko akwai buƙatar a raba shi da abubuwa biyu da aka fi sani a yankin. Ba irin gidajen rediyon karkara ba ne da ke watsa sanarwa da waƙoƙi ga jama'a, ba kuma oba-oba ta jami'an tsaro ko ta ma'aikatan agaji ba ce. Dokokin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU ko UIT, sun bayyana shi a matsayin sadarwar mutanen da aka ba izini, masu sha'awar fasahar rediyo don koyo da gwaji da tuntuɓar juna, ba don neman kuɗi ba. Daga nan sauran sharuɗɗan suka fito. Ba a talla, ba a cinikayya, ba a watsa kiɗa, ba a ɓoye magana da lambobin sirri. Duk abin da mutum ya faɗa, kowa mai na'ura yana iya ji, har da hukuma. Siyasa da addini kuwa, al'adar masu harkar ce a kauce musu.

Kafin mutum ya aika ko da kalma ɗaya, sai ya ci jarrabawa a kan lantarki da dokokin sadarwa, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasisi. A Faransa hukumar ANFR ce ke shirya jarrabawar. A Nijar da Chadi kula da zangunan rediyo na hannun hukumomin ARCEP, a Kamaru kuma akwai ART. Tare da lasisin ake ba mutum alamar kira, wadda ta zama sunansa a iska, kuma babu wani a duniya mai irinta. Haruffan farko su ke nuna ƙasa: 5U Nijar ce, TT Chadi, TJ Kamaru, 5N Najeriya, 9G Gana, XT Burkina Faso, TZ Mali, ST Sudan, F Faransa. Wajibi ne mutum ya riƙa faɗar alamarsa yayin da yake magana. Wannan kaɗai ya isa ya raba harkar da Facebook, inda mutum ɗaya ke iya buɗe shafi goma da sunayen bogi ya zagi wanda ya ga dama.

Zangon da aka ce ba shi da amfani

Gajeren zangon da Hausawa suka shafe shekaru suna jin BBC da Muryar Jamus da Muryar Amurka a kansa, 'yan sha'awa na da babban hannu wajen gano amfaninsa. A 1912 Amurka ta yi doka ta kora su zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, saboda a lokacin ana ganin dogon zango ne kaɗai ke tafiya nesa. An ba su abin da aka ɗauka shara ce. A watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy, daga birnin Nice, ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a jihar Connecticut ta Amurka a kan mita ɗari da 'yan kai, da wutar da ba ta kai ko kusa da ta manyan tashoshin kamfanoni ba. Shi ne karo na farko da 'yan sha'awa suka ƙetare tekun Atlantika da magana ta kai da komowa. Ba a jima ba gwamnatoci da kamfanoni suka dawo suna neman wuri a zangon da suka raina. A ranar 18 ga Afrilu 1925 aka kafa ƙungiyar 'yan sha'awa ta duniya, IARU, a birnin Paris, kuma har yanzu ranar ce ake bikin harkar kowace shekara.

Abin da ke kai muryar nesa yana sama. Daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita a saman ƙasa akwai wani rufin iska da hasken rana ke cajawa, masana suna kiransa iyonosfiya. Igiyar gajeren zango idan ta doke shi sai ta lanƙwaso ta faɗo dubban kilomita daga inda ta tashi, wani lokaci ta sake tashi ta sake faɗowa. Rufin nan ba ya zama a hali ɗaya. Da rana zangunan mita 20 da 15 da 10 sun fi buɗewa, da dare kuma mita 40 da 80. Shi ya sa tashoshin Hausa ke sauya mita tsakanin shirin safe da na rana da na dare. Ita ma ranar tana da zagayen kimanin shekara 11 na ƙarfi da rauni. A watan Oktoba na 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa zagayen yanzu ya kai ganiyarsa, lokacin da na'ura ƙarama kan iya kaiwa wata nahiya.

Kayan aikin ba su da yawa. Na'urar da aka fi amfani da ita tana fitar da wat 100, tana kuma aiki da batir mai bolt 12 irin na mota, wanda farantin sola zai iya cajawa. Eriyar mita 20 mafi sauƙi ita ce wayar tagulla mai tsawon kimanin mita 10, a raba ta biyu a tsakiya, a ɗaure tsakanin bishiya da sanda. Tsakanin wannan waya da ta wani mutum a Japan babu kamfani, babu turken salula, babu wayar ƙarƙashin teku, babu katin da zai ƙare. A nan amsar tambayar farko take. Mai WhatsApp yana hawa motar haya ce da wasu suka ƙera, suka shimfiɗa mata hanya, suke kuma iya tsayar da ita. Ɗan rediyon sha'awa shi ya haɗa abin hawansa, kuma idan bai kai ba, ya san laifin eriyarsa ne ko na sama. Wanda ke kamun kifi da ƙugiya ba don babu kifi a kasuwa yake yi ba.

Me suke faɗa wa juna?

Gaskiya, sau da yawa ba wani abin kirki ba. Mutum zai kira CQ, wato ga ni, akwai mai ji na? Wani ya amsa. Su yi musayar alamar kira, suna, gari, da rahoton yadda murya ke isowa. 59 na nufin ana ji tangaran. Wataƙila a taɓa zancen yanayi da irin eriya, sai a yi sallama da 73, lambar da ke nufin fatan alheri tun zamanin wayar tangarahu. Wasu hirarrakin kan ɗauki awa guda, wasu daƙiƙa goma. Bayan nan a aika wa juna katin shaida mai suna QSL, mai ɗauke da rana da lokaci da zango, wanda masu harkar ke mannawa a bango. Wanda ya tashi a gidan da ake rubuta wa filin zaɓi-sonka wasiƙa don kawai a ambaci sunan mutum da garinsa a gaishe shi, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Gaisuwar ita ce saƙon.

Bambancin da kafofin sada zumunta shi ne babu wani lissafin kwamfuta da ke zaɓa wa mutum wanda zai ji. Wanda sama ta kawo shi ne abokin hira, ko manomi ne ko likita ko sarki. Marigayi Sarki Hussein na Jodan yana da alamar JY1, kuma ya sha hira da talakawan wasu ƙasashe da sunansa kawai. Rajiv Gandhi, tsohon firaministan Indiya, shi ne VU2RG.

Za a yi kuskure idan aka ɗauka intanet kishiyar harkar ce kawai. Ta ci mata wani kaso, babu shakka. A Japan tashoshin 'yan sha'awa sun haura miliyan 1.3 a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da matasa da yawa ke amfani da su a madadin wayar hannu. Da salula ta yaɗu, adadin ya sauko ƙasa da 400,000. A Amurka kuwa masu lasisi sun haura 700,000, ko da yake ba duka ke hawa iska ba, kuma furfura ta yi yawa a tarukansu. Amma intanet ɗin ce kuma ta sauƙaƙa shiga. Darasin da a da sai mutum ya sami dattijon da zai zaunar da shi, yanzu yana YouTube. Akwai shafukan da ke nuna nan take wace tasha aka ji a wane zango. Katin QSL da kan yi watanni a gidan waya yana da takwaransa na kwamfuta tun 2003, lokacin da ƙungiyar ARRL ta Amurka ta buɗe rajistar Logbook of the World. A shekarar ce kuma taron ITU ya cire wajabcin iya rubutun Morse kafin a shiga gajeren zango, shingen da ya daɗe yana korar masu sha'awa. Abin mamaki, Morse ɗin bai mutu ba. Da aka daina tilastawa, masu so suka ci gaba da koyonsa don kansu, domin yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa.

Babban sauyin ya zo a 2017. Joe Taylor, masanin kimiyyar da ya sami kyautar Nobel a 1993, mai alamar K1JT, tare da Steve Franke, suka fitar da wani salo mai suna FT8. Kwamfuta ce ke aika gajeren saƙo ta rediyo a cikin daƙiƙa 15, wata kwamfutar ta tsamo shi ko da ya yi raunin da kunne ba zai ji komai ba. Cikin 'yan shekaru ya zama salon da aka fi amfani da shi a gajeren zango. Ya kuma raba kan masu harkar. Tsofaffin hannu suna cewa na'urori ne ke gaisawa, mutum na zaune yana danna linzami, wato an shigo da halin kafofin sada zumunta na tara lambobi cikin gidan da aka gudo don a huta da shi. Masu kare shi suna cewa wanda ke zaune a gidan haya, da ƙaramar eriya da maƙwabta masu injin wuta, ba shi da wata hanyar kaiwa Ostareliya. Duka biyun suna da gaskiya, kuma ga wanda bai iya Ingilishi ba FT8 ya kawar da matsalar harshe gaba ɗaya.

Ana neman 5U, amma wa ke amsawa?

Akwai wata gasa da ta daɗe a harkar, ta tara ƙasashe. ARRL tana da jerin ƙasashe da yankuna 340, kuma wanda ya tabbatar da tuntuɓar 100 daga ciki yana samun takardar yabo mai suna DXCC. Jamus ko Amurka ana samunsu a rana ɗaya. Ƙasar da ba ta da masu lasisi da yawa kuwa sai an yi dako. Koriya ta Arewa, wadda ba ta ba da izini, ita ce kan gaba a jerin waɗanda ake nema. A farkon 2023 wata tawaga ta kashe ɗaruruwan dubban daloli ta je tsibirin Bouvet, wani dutse mai ƙanƙara a kudancin Atlantika da babu mai zama a kansa, don kawai ta kunna na'ura na 'yan kwanaki.

Ƙasashen Sahel ba su kai wannan matsayi ba, amma suna cikin waɗanda ba a samu da sauƙi. Idan tasha mai alamar 5U ko TT ta kira CQ, ɗaruruwan tashoshi daga Turai da Amurka da Japan kan yi caa a kanta lokaci guda, kowa na ƙoƙarin a ji shi. Saboda haka tawagogi daga ƙasashe irin su Italiya da Sifaniya suka sha zuwa yankin, su karɓi izinin wucin gadi, su kafa eriyoyi a harabar masauki, su yi mako biyu suna tuntuɓar dubban tashoshi dare da rana, sannan su naɗe kayansu su koma. Sauran lokacin, yawancin muryoyin da aka saba ji da waɗannan alamomi na baƙi ne mazauna ƙasar: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, na ofisoshin jakadanci, injiniyoyi. Idan wa'adin aikinsu ya ƙare, alamar ta yi shiru.

Wannan abin dubawa ne a yankin da ya fi kusan ko'ina riƙo da rediyo, yankin da kowace kasuwa ke da layin masu gyaran waya da rediyo waɗanda suka koyi aikin da ido da hannu. Ba basira ce ta yi ƙaranci ba. Kuɗi na daga ciki: sabuwar na'urar gajeren zango tana kaiwa dala 1,000, wato sama da jaka 500 na sefa, kafin kuɗin kwastan. Sai rashin kulob, domin harka ce da ake koya a hannun wani, kuma inda babu na farko da wuya a sami na biyu. Sai kuma tsaro, wanda ya fi sauran nauyi. A inda 'yan bindiga ke yawo da oba-oba, mutumin da aka gani da doguwar eriya a bayan gida yana magana da baƙin haruffa sai ya yi bayani mai yawa. Saboda haka batun lasisi a nan ba cika takarda ba ne kawai. Ƙananan na'urorin hannu 'yan China da ake samu da arha suna iya aikawa a zangunan da ba na 'yan sha'awa ba, har da na jami'an tsaro, kuma kunna su ba da izini ba na iya kai mutum inda bai yi zato ba.

Ga wanda ya sami izini, yankin yana da abin da Turawa ke nema ba su samu. Biranensu sun cika da hayaniyar lantarki daga caja da fitilu da na'urorin sola marasa inganci, har wasu ba sa jin komai a gidajensu. Yamai da Njamena ma sun fara kamuwa da wannan cuta, amma ƙauyen da ke nesa da layin wuta shiru yake kamar rijiya. Sai dai damina na zuwa da tsawa, ƙurar hunturu kuma takan tara caji a kan eriya har ta yi tartsatsi.

Ranar da waya ta ɗauke

Hujjar da masu harkar suka fi kawowa idan ana neman ƙwace musu zango ita ce agajin gaggawa, kuma suna da misalai. A Disamba 2004 wata tawagar 'yan Indiya ƙarƙashin Bharathi Prasad tana tsibiran Andaman don gasar tara ƙasashe lokacin da igiyar tsunami ta afka. Nan take suka mayar da tashoshinsu hanyar isar da saƙonni tsakanin tsibiran da sauran Indiya. An ga irin haka a girgizar ƙasar Nepal a 2015, da guguwar Maria a Puerto Rico a 2017, da girgizar ƙasar Turkiyya a 2023. Akwai ma dabarar da ta dace da ƙasa mai faɗi: a ɗaura eriyar mita 40 ko 80 ƙasa-ƙasa, igiyar ta miƙe sama ta zubo kamar ruwan sama a kan duk abin da ke cikin 'yan ɗaruruwan kilomita, ba tare da turke ko ɗaya ba.

Yankin ya san ɗaukewar sadarwa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala, bankuna suka tsaya. Chadi ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Yankunan Kamaru masu amfani da Ingilishi sun yi wata uku babu intanet a 2017. Amma bai kamata a zuzuta abin ba. Rediyon sha'awa ba zai aika kuɗi ba, ba zai ɗauki bidiyo ba, kuma ba hanyar kauce wa gwamnati ba ce, tunda ita ke ba da lasisin, tana jin duk abin da aka faɗa, tana kuma iya dakatar da shi da sanarwa ɗaya. Abin da yake iyawa ƙarami ne: ya sanar cewa gada ta karye, ana buƙatar magani a wuri kaza, su wane suna raye. Wannan ma sai idan akwai mutanen da suka saba da na'urorinsu tun kafin ranar, kuma hukumomin agaji sun san da su. Ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo.

Ƙofar shiga ta fi da sauƙi. Jami'ar Twente da ke Holand tana da na'urar karɓa da aka jona da intanet, wadda kowa zai iya murɗawa daga wayarsa ya saurari gajeren zango gaba ɗaya, har da SSB da Morse, kuma akwai ɗaruruwan irinta a duniya. Da yawa daga matasan da ke shiga harkar a yau ta nan suka fara. Kowane ƙarshen mako na uku na Oktoba 'yan sikawut na duniya suna gaisawa ta tashoshin 'yan sha'awa, al'adar da aka fara a 1958, kuma ɗalibai a ƙasashe da dama sun yi magana da 'yan sama-jannatin Tashar Sararin Samaniya ta Duniya ta wannan hanya. Sannan tun Nuwamba 2018 akwai tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar, Es'hail-2, da ke ɗauke da na'urar 'yan sha'awa mai suna QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a saman Afirka ta Tsakiya, yana haɗa tashoshi daga gabashin Brazil har Tailan, dare da rana, ba ruwansa da halin da iyonosfiya ke ciki. Ana kama shi da kwanon tauraron talabijin irin wanda ke kan rufin gidaje a Damagaram da Garwa da Abeche.